Alƙalin Man Kaɗe Zai Koma Yawuri

Da sunan Allah, mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga Inna, ɗiyata, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kun sauka Yawuri lafiya ke da maigidanki Malam Umaru, da fatan ruwan can ya karɓe ki. Allah shi tsare ku daga sharrin baƙunta, da sharrin maƙwabcin da ba a kai ga sanin halinshi ba. Ni nan lafiya lau, in ban da gwiwa, ita ma ta ce a gaishe ki.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ubanki aji huɗu ya tsaya a elementare, ko a huɗun ma bakin taga nike zama don in ga masu wucewa. Inda kinka ga harafi ya faɗi, ki tada shi da kanki.

Labarin gari babu, shina nan yadda kinka bar shi, sai dai ya ƙara ramewa. Zancen Alƙali ne ya sa na aro biro. Ina nufin ma'aunin zafinmu mai fuskar agogo da dogon tsinken ƙarfe, wanda ke da bakinki kinka raɗa wa wanga suna, don in ya ce a zuba mai sai a zuba, babu ɗaukaka ƙara. Ranar tashinku na naɗe shi cikin tsumma na cusa a kwallar kayanki, ƙarƙashin zannuwa. Mota ta ɗaga, na komo gida ina yaba wa kaina wayo. Da gari ya waye na kai hannu cikin jinkar ɗaki inda shike kwana, don hannu ya saba, sai na ji shi nan, naɗe cikin kallabinki. Ashe ɓarayi biyu ke gidan, kuma ƙaramar ta fi babban iya aiki.

Na tsare gwaggonki da tambaya har ta faɗa mini abin da kinka ce: “Baba da shi shike ci. In na ɗauke, da mi zai ci? Ni in na isa can sai in sayi na gilashi a kemis, irin na asibiti. Ai duk zafi suke aunawa.”

Rabin farko na maganarki ya sa ni kuka, ba ni jin kunyar faɗi. Rabin na biyu shi ya hana ni sukuni, don kalma da kalma irin tawa ce, na taɓa faɗinta, kuma na san inda ta kai ni.

Mu faɗa wa juna gaskiya. Malam Umaru mutumin kirki ne, amma malamin makaranta ne, kuma kin ga yadda albashinsu ya koma kamar ganin watan Azumi cikin hadari, sai dai a ji wai an gani a wani gari. Tukunyar man leɓenki ita za ta riƙe gidanku. Ke baƙuwa ce a can, ba wanda ya san uwarki balle shi yi miki uzuri. Gwangwanin farko da za ki sayar, shi za a riƙa kiranki da shi har ki bar garin. Shi ya sa zan zauna in jera miki ma'aunan da na bi kafin in kai ga Alƙali. Wasu kin gani da idonki kina ƙarama, amma gani daban, a faɗa miki dalili daban.

Na farko yatsana ne.

Man kaɗe mai riƙo ne, Inna. In kin narkar da shi sama-sama, ido zai ga ya zama ruwa, alhali akwai 'yan ƙwayoyi cikinshi da ba su saki ba. In kuma kin bar shi ya huce a hankali, ganin damarshi, waɗannan ƙwayoyi sai su kira 'yan uwansu, bayan 'yan kwanaki a buɗe gwangwani a tarar da tsaki. In kin ce bari ki cika mishi wuta don ki huce haushi, sai shi yi ƙauri, kakin zuman da ke ciki shi yi duhu. Tsakanin tsaki da ƙauri hanyar siririya ce, ni kuwa lokacin ban ma san akwai hanya ba.

Zamanin soja ne, na bar leburancin hanya, ina zaune. Uwarki, Allah shi jiƙanta, takan haɗa man kaɗe da kakin zuma da ɗan man shanu don leɓunanku in ɗari ya shigo. Na duba masu ban ruwan albasa da matan rugga, kowa baki a tsage har da jini, na ce ai wannan sana'a ce kwance a ɗakina. Ta ce, “To, ka bari ni riƙa duba maka zafin.” Ita ɗigo ɗaya take sawa a cikin wuyan hannunta, ta ce a sauke ko a ƙara. Na ce ni da na yi boko mace za ta duba mini tukunya? Na tsoma manuniyata, na ji ɗumi, na ce ya yi.

Na cika gwangwanaye na kai kasuwar Kajiji, sunka ƙare tas. Kasuwa ta zagayo na koma ina taƙama, sai ga wata dattijuwar Bafulatana ta ajiye ƙwaryar nononta a gabana.

“Kaɗo mai man kaɗe, zo nan kusa. Mi ka saida man? Man leɓe ko tsakin kaji?”

Na ce, “Haba uwar rugga, ai gyara na yi miki. Shina shafa, shina susa. Aiki biyu ke nan.”

“Awo? To kai ma ɗanɗana gyaran.”

Ta lakato da babban yatsa, ta riƙe mini haɓa, ta murza mini a baki gaban masu hatsi da masu awaki. Sai da leɓena ya yi jini. Daga ranar na zama Mai-tsaki, har limaminmu da shi shike kirana, har ke da kina koyon magana kin taɓa ce mini Baba Tsaki.

Na komo gida da zuciya. Na ɗora tukunya kai tsaye bisa wuta, na tura itace kamar mai dafa ganda, na ce yau zan ga ƙwayar da za ta ƙi narkewa. Mai ba ya tafasa shi yi gargaɗi kamar ruwa, kwance shike lumui, kamar ba ruwanshi da kowa. Na tsoma manuniya har gaɓa ta biyu. Da na zaro, fatar ta tsaya cikin tukunya. Yatsan ya warke, amma bai sake jin komi ba. Bayan wani lokaci na gwada da na tsakiya, don in tabbata ko laifin yatsan farko ne. Yau in na dafa garwashi da hannun dama, hanci ke fara ba ni labari.

Don haka, kada ki taɓa sa jikinki cikin mai. Kuma tukunya cikin tukunya kullum, ruwa a ƙasa, mai a sama, ko da itace ya yi tsada, ko da kina sauri. Ranar da wani ya ɓata miki rai, kada ki hura wuta, ki wanke gwangwanaye.

Na biyu shi ne naki, na gilashi. Nan zan rage wasa.

Bayan ƙunar na sallama wa uwarki duban zafi, mai ya yi kyau, ya yi santsi, har daga Sifawa ana aikowa. Sai abin ya riƙa cina a rai, don kowa ya san hannun wa ke aikin. Wata rana na raka ƙanenki Mamman disfensaren ƙauyenmu, ƙurji ne ya fito mishi, na ga Malam Garba disfensa ya sa mishi wani siririn gilashi a hammata, ya zaro, ya ɗaga wa haske, ya karanta lamba. Na ce a raina, ga abin da zai raba ni da gori. Malam Garba benci ɗaya munka zauna a elementare, shi ya wuce, ni na tsaya bakin taga.

Na ce, “Malam, ara mini abin ga.”

Ya ce, “Na mutane na, Mai-tsaki, ba na tukunya ba. Kuma shi kaɗai gare ni.”

Na ce, “Zafi ai zafi na. Duk zafi suke aunawa. Kafin la'asar na maido maka.”

Ya yi ta ƙi, na yi ta ba shi dariya, na tuna mishi bulalar da na taɓa sha a madadinshi. Kin san ni, in na kama mutum da barkwanci sai ya ba ni wandonshi. Ya miƙo mini cikin kwalinshi.

Na tsoma shi cikin mai. Zaren azurfar da ke ciki ya ruga sama, ya kai ƙarshe, ya rasa wurin zuwa. Sai na ji ƙas, ƙaramar ƙara, kamar an taka ƙwai na ƙadangare. Na zaro rabi a hannuna. Zaibar da ke cikinshi, wadda guba ce, ta gangara gindin tukunya tana 'yan dunƙule-dunƙule masu ƙyalli, gilashin kuwa ya ɓace, don fasasshen gilashi cikin narkakken mai ba ya ganuwa. Tukunya cike, man da munka tara na kasuwa uku.

Na ce wa uwarki, “Kawo farin ƙyalle mu tace.”

Ta ce, “Ka tace mi?”

“Ai ya kwanta ƙasa. In munka tsiyaye na sama...”

“Bakin ɗiyan mutane za shi, Malam. Bakin ɗiyanka ma za shi.”

Ta sa tsumma ta sauke tukunyar, ta kai bayan gida, ta haƙa rami da kanta, ta binne har tukunyar. Ina tsaye ina lissafin asara, ita tana tattake ƙasa da ƙafa.

Malam Garba bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya nemi a aiko mishi da wani daga sama, anka ce shina hanya. Duk sanda na tambaya, shina hanya. Har bazara ta shigo, Mamman ya tashi da zazzaɓi da ciwon kai. Na saɓa shi a kafaɗa da hantsi na kai shi. Malam Garba ya ɗora bayan hannunshi a goshin yaron, ya ɗora a nashi goshin, ya sake ɗorawa a na yaron. Rana ce mai zafi, kowa jikinshi zafi gare shi. Ya ce, “Da zafi, amma ban iya ce maka ga iyakarshi. Ba shi wagga ƙwaya. In bai sauka ba gobe, ku tahi Sakkwato.” Ba mu kalli juna ba, ni da shi.

Goben ta zo wuyan Mamman ya sandare. Munka samu mota da ƙyar. Bai kai Sakkwato ba. Kina cikin motar, ke kinka riƙe hularshi har munka komo, ba wanda ya tuna shi karɓa daga hannunki.

Wurin gaisuwa Malam Garba ya kama hannuna ya ce, “Kwana ya ƙare, Mai-tsaki. Ko da gilashi goma ne a aljihuna.” Na yarda da haka, Musulmi nike, kuma shi ya san aikinshi. Amma har yau in zan je masallacin Juma'a, ta bayan makaranta nike zagayawa, ba ni bi ta ƙofar disfensare.

To ki ji, Inna. Lambobin na gilashi suna ƙarewa daidai inda zazzaɓin ɗan Adam ke ƙarewa, don aikinshi ke nan. Man kaɗe kuwa sai ya wuce nan da nisa kafin ƙwayoyinshi su saki. Zai fashe miki, ba wai wataƙila ba. In ya fashe, za ki tsaya gaban tukunya cike, gida babu hatsi, Malam Umaru babu albashi, zuciyarki ta ce kawo ƙyalle. Ni an yi sa'a akwai uwarki a gefena. Ke wa zai karɓe miki tukunyar? Kuma yanzu da kaya ba su shigowa ƙasa, duk ɗayan da kinka ɗauko daga kemis don tukunya, daga hammatar ɗan wani kinka zare shi. Ki bar shi inda shike.

Za ki ce daga nan ubanki ya yi hankali. Ba ki san ubanki ba.

Uwarki ba ta yi nisa ba bayan Mamman. Ciwonta bai da suna, ta dai riƙa raguwa har ta ƙare. Ta tafi da wuyan hannunta, ta bar ni da yatsu biyu matattu da ke, ke kuwa wankin gwangwani kawai kinka iya, don ban taɓa barinki kusa da wuta ba. Lokacin farar hula sun karɓi mulki, ɗan ƙasarmu ta Sakkwato ya hau kujerar shugaban ƙasa, duk wanda ka tarar a tashar Shagari tafiya shike kamar gobe za a kira shi a ba shi minista. Nan tashar akwai wani bakanike da ake ce wa Sarkin Sifana. Na kai mishi kukana, ya shiga cikin tarkacenshi ya fito da agogon zafi na wata matacciyar tifa, da doguwar wayar ƙarfe, da kai kamar harsashi.

Ya ce, “Wanga injin tifa shike aunawa, balle ɗan man kaɗenka.”

Na duba fuskar, babu lamba ko ɗaya, sai haruffa biyu, C a hagu, H a dama. Na ce, “Mi suke nufi?”

Ya ce, “Kai ka yi boko, ni za ka tambaya?”

Tunda an taɓo bokona, ba ni iya cewa ban sani ba. Na duƙa kan haruffan kamar mai tuno karatu, na ce C, Ci gaba ke nan. H kuwa, Haba. Ya ce lalle makaranta ta yi rana.

Haka na yi aiki da shi. Allura na kwance kan Ci gaba, ni kuwa ina ci gaba da tura itace. Ba ta motsawa sai mai ya kusa gigita, kafin ta kai Haba kuwa ni na riga ta faɗi. Wajen hucewa, inda na fi bukatarta, sai ta koma ta kwanta tun mai na da sauran zafi mai yawa, ta bar ni da canke. Ga shi duk wankin da na yi wa kan nan da toka da sabulu, warin baƙin mai bai fita ba. Wani manomi a Horo Birni ya tare ni ya ce, “Mai-tsaki, tun da na shafa man ga bakina ke warin tasha.” Na ce, “Ai na masu nauyin baki na. In ka shafa, magana na tashi ba sai an tura ka ba.” Ya yi dariya, bai sake saye ba, kuma ya faɗa wa ƙauyen duka. Daminar nan da rancen hatsin kawunki munka fita, kin tuna tuwon da kike cewa ana ganin gindin kwano ta cikinshi.

Abin da na koya: ma'auni sai mai lamba, kuma lambobin su fara tun daga ƙasa da ɗumin jikin mutum, su wuce tafasar ruwa. Wanda ya san sama bai san ƙasa ba, rabin aiki zai yi miki. Kuma abin da ya taɓa zama cikin inji, ko fenti, ko maganin ƙwari, ba ya shiga abin da za a sa a baki, ko kyauta anka ba ki. Sai darasi na uku, wanda ya fi su: in ba ki san ma'anar abu ba, ki ce ba ki sani ba. Ba a taɓa kai kowa gidan yari don wannan ba.

Alƙali ya zo ne da wahalar wani. Da anka shiga tsuke bakin aljihu, fulawa ta ɓace, wani Bayarabe mai gidan burodi a Sakkwato ya kashe tandarshi, ya baza kayan aiki a ƙofa shina sayarwa don shi koma garinsu. Na gan shi cikin farantan gashi, tsinke dogo, fuska da lambobi zagaye. Abin da ke aljihuna bai kai ba, sai na sauka daga kekena na jingine mishi. Shi ya sa kinka ga na komo ranar a bayan motar albasa, na ce miki an sace keken. Ba ki yarda ba, na gani a idonki.

Mutumin nan kafin shi miƙo mini sai da ya sa anka tafasa ruwa, ya tsoma tsinken, ya ce, “Baba, duba layin ciki, mai C. In ruwa ya tafasa, allura ta tsaya kan ɗari ko dab da ita, to gaskiya shike faɗi.” Na ce wannan C ɗin ma Ci gaba ce? Ya ce a'a. Na ce ta waje fa, mai F? Ya ce lissafin mutanen da ne, in bar ta. Ni dai na sa mata Fitina, don ranar da idona ya zame kanta na zuba mai tun bai isa ba. Shi ya sa na sa ki ɗiga jan farce wuri biyu a kan gilashin fuskar, don kada mu riƙa gardama da lambobi.

Kin san aikin, amma bari in maimaita, tsoho ba ya gajiya da maimaici. In allura ta hau jan sama, ki janye itace ki riƙe ta nan, kada ta wuce, kada ta faɗo, gwargwadon ki yi alwala ki yi sallar azahar a natse har da lazimi. Wannan zaman shi ke kashe tsaki. Sannan ki sauke, ki riƙa juyawa, ki sa ido har ta sauko jan ƙasa, ki zuba nan take, ko sallama ake yi a ƙofa a jira. Gwangwanayen su hau faranti, farantin shi hau jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ko bakin randa, don su daskare da sauri. Tsinken kada shi taɓa gindin tukunya, zafin ƙarfe zai faɗa miki, ba na mai ba. Fuskar kada ta shiga ruwa. An ce mini Yawuri akwai gumi, don haka ki yi zubi da sassafe, kuma kada mai talla ta bar faranti a rana, don in ya narke ya sake daskarewa da kanshi, tsakin da kinka kora zai komo da iyalinshi.

Kada ki ara wa kowa shi. Ko matar hedimasta, ko mai ba ki dariya. Musamman mai ba ki dariya.

Wata rana zai mutu, ƙarfe ne. In Allah ya sa lokacin kaya sun komo kasuwa, ki nemi na ƙarfe mai dogon tsinke, ki ce wa mai kanti shi biyo ki wurin mai shayi a tsoma cikin butarshi tana tafasa. In ya ƙi, ki yi mishi sai an jima. Shi ma Alƙalin ki riƙa yi mishi wannan jarrabawa lokaci-lokaci, don na ga alƙalai da yawa da sunka fara da gaskiya.

Saura tambayarki, da mi Baba zai ci.

Inna, wa ya rage shi saya a nan? Ciwon bushiya ya bi rugage shina kashe shanu, matan da ke kawo nono su koma da gwangwanina yanzu ƙwarya wofi suke ɗauka, wasu sun bi mazansu kudu da abin da ya tsira. Tsohuwar nan ta Kajiji da ta murza mini baki, na tambaya, an ce shanunsu sun ƙare, ita ma ta bi su. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mutumin da bai ci ba tun jiya ba ya tuna leɓenshi ya tsage. Man kaɗen ma daga wajenku shike zowa, kafin shi iso nan wajenmu Boɗinga kuɗin mota ya cinye ribar. Can kuwa kina zaune za a kawo miki shi ƙofar gida, ga masunta da iska ke dukan bakinsu kan ruwa, ga ma'aikata, ga 'yan makaranta.

Ba zan yi miki ƙarya in ce babu mai saye ko ɗaya ba, kin san akwai, ke ke ƙirga gwangwanaye. Abin da ke shigowa zai iya riƙe tsoho ɗaya da kunu. A hannunki kuwa zai riƙe gida, da waɗanda Allah zai kawo cikin gidan. Ni na ci nawa rabon na wagga sana'a, na ci har da na wasu.

Na san halinki, halin mai sunanki ne, ita ma in ta ce a'a sai dai a canza zance. Na san in na aiko da shi kaɗai, mota mai komowa za ta maido mini shi cikin wani kallabin. Don haka jiya na je Sifawa wurin kawunki. Ya ba ni gefe a fadamarshi, zan riƙa ja mishi ruwan albasa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Yaya, da wagga gwiwa?” Na ce gwiwar ta ji, ta ce za ta yi shawara. Aikin ba ya son yatsa mai ji, igiya ce da guga. Ɗakina na nan kuwa na bar wa gwaggonki ta sa awakinta.

Ɗanjuma direba, wanda zai miƙa miki wagga takarda, zai sauke miki buhu biyu. Cikin na farko akwai tukunyar sama da ta ƙasa, da ludayin zubi, da farantai, da gwangwanaye duka, wankakku. Cikin na biyu akwai sauran kakin zuma da ɗan man da ya rage, Alƙali na tsakiyarsu cikin kallabinki. Ban bar ko murfi ba. Duwatsun murhun ma na so in sa, Ɗanjuma ya rantse motarshi ba ta ɗaukar duwatsu zuwa garin da ke da nashi.

Da muna ɗaure buhunan ya ce mini, “Baba Mai-tsaki, in ta ƙi karɓa fa?”

Na ce, “Ka ajiye a ƙofar gida, ka yi sallama, ka ja motarka.”

“In ta biyo ni tasha da su?”

“Ka ce mata gidan da za ta maida su awaki ke ciki.”

Ki gaida Malam Umaru, ki ce mishi na ba shi amana, kuma kada shi ji kunyar ɗaukar miki itace, ba a rage wa malami daraja don wannan. Allah shi sa albarka cikin tukunyarki, shi tsare hannunki daga wuta, shi tsare bakin mutane daga abin da zai fito hannunki. Allah shi jiƙan uwarki da Mamman. Allah shi kawo mana sauƙin wanga zamani, shi sa mu gana da alheri, nan ko can.

In za ki ba da amsa, ki aika Sifawa.

Wassalam.

Ni ne ubanki,
Mai-tsaki